Kundin Tarihin Saƙonni a Tashoshin Usenet

A shekarar 1979 waɗansu ɗalibai biyu na Jami'ar Duke da ke Amurka, watau Tom Truscott da Jim Ellis, suka yi tunanin wata hanya wadda na'urori masu ƙwaƙwalwa za su riƙa musayar labarai a tsakaninsu ta wayar tarho. Wani ɗalibi na wata jami'a da ke maƙwabtaka da su, Steve Bellovin, shi ya rubuta manhajar farko ta yin wannan aiki, kuma a 1980 abin ya fara tafiya. Aka raɗa masa suna Usenet. Mutum yakan rubuta saƙo ya jefa shi cikin wani zaure na musamman, alal misali zauren masu sha'awar lissafi ko na masu sha'awar girki, sa'an nan saƙon ya yi ta tafiya daga wannan na'ura zuwa waccan har ya kai ga duk wanda ke karanta wannan zaure, ko da yana wata nahiya dabam.

Abin da ya bambanta wannan tsari da gidan rediyo ko gidan jarida shi ne ba shi da hedkwata. Babu wani ofishi guda da ake kai labari a tace shi a rarraba. Kowace na'ura da aka keɓe don wannan aiki, wadda za a kira tasha a cikin wannan bayani, tana da maƙwabta biyu ko uku ko fiye, waɗanda aka yi yarjejeniya da su. Duk saƙon da ya shigo mata sai ta miƙa wa kowane maƙwabci, su kuma su miƙa wa nasu maƙwabtan. Masana suna kwatanta wannan da ambaliya, domin kamar ruwa saƙon yake bi ta kowace kafa da ya samu. Fa'idar hakan a fili take: in hanya ɗaya ta yanke, saƙo zai zagaya ta wata.

To, amma ambaliya ba ta san inda ta riga ta jiƙa ba. A ɗauka akwai tashoshi uku da ke haɗe da juna. Ta farko ta ba ta biyu saƙo, ta kuma ba ta uku. Ta biyu ba ta san ta uku ta samu ba, sai ita ma ta miƙa mata, ta uku kuwa ta yi wa ta biyu irin wannan karamci. In babu abin da ya tsai da su, saƙo ɗaya zai yi ta hayayyafa har ya cika faifan ajiya na kowa, wayoyi kuma su cunkushe da maimaici.

Dabara ta farko da aka yi ita ce a sa kowace tasha ta rubuta sunanta a goshin saƙo lokacin da ya ratsa ta, kamar yadda gidajen waya suke buga hatimi a bayan ambulan. Tasha ba ta miƙa saƙo ga wadda sunanta ya riga ya fito a wannan jeri. Wannan ya hana saƙo komawa inda ya fito, amma bai warware matsalar tashoshin nan uku ba, domin kofen da ya biyo ta hannun ta biyu ba ya ɗauke da sunan ta uku. Sai da aka haɗa da dabara ta biyu, wadda ita ce ginshiƙin abin duka: kowace tasha ta riƙe kundi na dukan saƙonnin da ta taɓa gani. Wannan shi ne kundin tarihi.

Kundin ba zai yi amfani ba sai in kowane saƙo yana da sunan da babu mai irinsa a duniya. Saboda haka takardun ƙa'ida na Usenet, watau RFC 850 ta 1983 da RFC 1036 ta 1987 wadda ta gaje ta, suka wajabta kowane saƙo ya zo da lambar shaida. Kashi biyu gare ta, da alamar @ a tsakani: a dama sunan na'urar da aka rubuta saƙon, a hagu kuwa waɗansu haruffa da alƙaluma waɗanda na'urar ta ɗauki alkawarin ba za ta sake ba wani saƙo ba. Ƙa'idojin da aka sabunta daga baya sun iyakance tsawonta ga haruffa 250. Da wannan lamba kaɗai tasha take gane baƙo da ɗan gida. Ba ta duba abin da saƙon ya ƙunsa, ba ta duba wanda ya rubuta shi.

A zamanin wayar tarho saƙonni sukan zo ne a ƙunshe, da yawa a dami ɗaya, galibi da dare lokacin da kuɗin waya ke da sauƙi. Sai an kwance damin ake gane waɗanda aka riga aka samu a zubar da su, alhali an riga an biya kuɗin ɗauko su. Da aka fito da ƙa'idar NNTP a 1986, wadda Brian Kantor da Phil Lapsley suka rubuta, sai tashoshin da ke kan intanet suka sami damar yin shawara kafin a aiko da kaya. Mai bayarwa takan ce tana da saƙo mai lamba kaza. Mai karɓa ta leƙa kundinta, in ba ta ga lambar ba ta amsa da 335, ma'ana a aiko; in ta gan ta sai ta amsa da 435, ma'ana ba ta bukata. Bayan saƙon ya iso takan ce 235 in ta karɓa, ko 437 in ta duba ta ƙi shi. Akwai kuma 436, wadda ke nufin a dawo an jima. Tashar da ke da maƙwabta ashirin tana iya jin tayin saƙo ɗaya har sau ashirin, ta karɓi na farko ta mai da sauran goma sha tara. Daga nan mai karatu zai gane cewa leƙa kundi ya fi rubutu a cikinsa yawa nesa ba kusa ba, kuma saurin tasha duka ya rataya ne a kan saurin wannan leƙe.

Shi kansa kundin ba wani abin mamaki ba ne ga wanda ya buɗe shi. Rubutu ne zalla, layi ɗaya ga kowane saƙo. A manhajar INN, wadda Rich Salz ya fitar a 1991 kuma ta zama wadda tashoshi da yawa suka dogara a kanta, layin ya kasu gida uku. Gidan farko lambar shaida. Gida na biyu lokuta uku: lokacin da saƙon ya iso, lokacin da marubucin ya nemi a share shi in ya nema, da lokacin da aka rubuta shi, dukansu an lissafa su da daƙiƙoƙin da suka shige tun daga 1 ga Janairu 1970, bisa al'adar na'urorin Unix. Gida na uku shi ke faɗin inda aka ajiye saƙon a faifai. In wannan gida na uku ya kasance fanko, to, saƙon ba ya nan, sunansa kawai aka riƙe. Irin waɗannan layuka masu fankon gida su ne suka fi komai muhimmanci, kamar yadda za a gani nan gaba.

Kundi mai layi miliyoyi ba ya karantuwa daga farko zuwa ƙarshe duk sa'ad da maƙwabci ya yi tayi. Dole a yi masa fihirisa. Manhajar B News, wadda ta fito daga Berkeley a farkon shekarun 1980, ta yi amfani da wata dabarar fihirisa mai suna dbm wadda Ken Thompson ya rubuta. Da saƙonni suka yawaita sai aka koma ga dbz, wadda Jon Zeeff ya fara, Henry Spencer na Jami'ar Toronto da waɗansu suka inganta. Hikimarta ita ce rowa: ba ta kwafe abin da ke cikin kundi, sai dai ta niƙa lambar shaida da wani lissafi ta sami gurbi a tebur, ta rubuta a gurbin nan nisan layin daga farkon kundi. Da haka fihirisa takan yi ƙanƙanta har ta zauna cikin ƙwaƙwalwar na'ura, ba sai an taɓa faifai ba, shi kuwa faifai ya fi ƙwaƙwalwa nawa ƙwarai da gaske. Sai dai ana yanka teburin ne gwargwadon yawan layukan da ake tsammani. Mai kula da tasha wanda ya yanka shi ya yi kaɗan zai ga tasharsa tana ja da baya, saƙonni suna taruwa a hannun maƙwabta, shi kuwa yana ɗora laifi a kan waya. Daga baya INN ta daina rubuta lambar shaida ɗungurungum a cikin kundi, ta koma rubuta taƙaitaccen hatiminta da ake samu ta lissafin MD5, mai haruffa 32 ko da yaushe, ko lambar doguwa ce ko gajera.

Faifai dai ba ya ƙaruwa, saƙonni kuwa ba su daina zuwa. Don haka kowace tasha tana da ranar shara, kuma ranar nan kullum ce. A INN akwai wani aiki da ake kira news.daily wanda ke tashi da kansa, galibi cikin dare, ya kira manhajar expire. Ita takan bi tsohon kundi layi layi tana duba dokokin da mai kula da tasha ya shimfiɗa, misali wannan zaure a riƙe saƙonninsa kwana bakwai, wancan wata guda. Layin da ya cancanci zama sai ta kwafe shi cikin sabon kundi, tana gina masa sabuwar fihirisa. In ta kai ƙarshe takan nemi tasha ta dakata da karɓar saƙo na ɗan lokaci, ta kwashe layukan da suka shigo tana cikin aiki, sa'an nan a ɗora sabon kundi a mazaunin tsohon. Ma'anar wannan ita ce akwai sa'ar da kundi biyu suke zaune a faifai ɗaya. Wanda bai bar wa na biyun fili ba, sharar za ta tsaya a tsakiya, gobe ma haka, kundin ya yi ta kumbura, kuma kowace rana da ta wuce gyaran yana ƙara wuya.

A nan ne ainihin gwanintar take. In an share saƙo daga faifai, ba a share sunansa daga kundi a wannan rana. Dalili kuwa shi ne tashoshi ba su tafiya da sauri ɗaya. Wata na'urarta ta lalace ta yi mako biyu a kwance, ta farfaɗo ta fara juye wa maƙwabta abin da ya taru mata. Wata kuma mai kula da ita ya dawo da tsofaffin saƙonni daga kaset ɗin ajiya bayan wani haɗari, suka shiga layin fita ba da saninsa ba. In tashar da aka yi wa tayi ta riga ta manta da lambobin, za ta karɓe su a matsayin sababbi, ta kuma miƙa wa nata maƙwabtan. Masu karatu su wayi gari su tarar da gardamar da aka kashe makonni da suka wuce ta dawo da ranta, waɗansu ma su sake ba da amsa.

Riƙe kowace lamba har abada ba zai yiwu ga ƙaramar tasha ba. Sai aka yi wa matsalar ƙofa biyu. Ƙofa ta farko: tasha ba ta karɓar saƙon da kwanan watan da ke goshinsa ya wuce wani adadi, ko ta san shi ko ba ta san shi ba. A INN adadin da manhajar ke zuwa da shi kwana 10 ne. Ƙofa ta biyu: a riƙe sunan kowane saƙo a kundi aƙalla na tsawon wannan adadi, ko da an share jikinsa tun kwana na biyu. Muddin ƙofofin nan biyu sun haɗu babu rata, to, tsohon saƙo ba shi da mashiga: in bai kai kwana goma ba kundi zai gane shi, in ya wuce kwana goma shekarunsa za su kore shi. Amma adadin riƙon da INN ke zuwa da shi 11 ne, ba 10 ba, kuma wannan kwana ɗaya na ƙari yana da dalili mai daɗin ji. Agogon na'urori ba su cika daidaita ba, saboda haka ana yi wa saƙo uzuri in kwanan watansa ya yi gaba da bai wuce sa'a 24 ba. Saƙon da ya iso yau ɗauke da kwanan watan gobe, in aka yi kwana goma sha ɗaya da isowarsa, a takarda kwanansa goma ne kacal, ƙofar farko za ta bar shi ya wuce. Wannan kwana ɗaya ake toshewa. Mai kula da tasha da ya ga kundi ya yi masa nauyi ya rage kwanakin riƙo, bai rage na ƙofar farko ba, ya buɗe rata ke nan, kuma ba shi kaɗai zai sha wahalarta ba, har da duk wanda ke karɓa daga hannunsa.

Ba saƙonnin da aka share kaɗai ake riƙe sunansu ba. Wanda tasha ta duba ta ƙi, ko don zaurensa ba ya cikin waɗanda take ɗauka, ko don ya karya wata doka, shi ma akan rubuta lambarsa, don kada maƙwabta goma sha tara da suka rage su sa ta sake saukar da shi ta sake ƙi. Haka kuma wanda marubucinsa ya janye. A Usenet akan janye saƙo ne ta hanyar aika wani saƙon na umarni mai cewa a soke lamba kaza. Tasha ta share jikin ta bar sunan, domin in kofe ya biyo ta wata doguwar hanya daga baya a mai da shi.

Wannan ya sa ɓatan kundi ya fi yadda ake zato ciwo. In fihirisa ce ta lalace, abin da sauƙi: akwai manhajar makedbz da ke sake gina ta daga kundi. In kuwa kundin ne kansa ya salwanta, sai a koma ga makehistory, wadda ke bin saƙonnin da ke faifai ɗaya bayan ɗaya tana karanta lambobinsu tana rubuta sabon kundi. A babbar tasha aikin yakan ci sa'o'i masu yawa, kuma a al'ada akan rufe ƙofar karɓa har a gama. Amma ko an gama, abin da ke faifai kaɗai ta iya gani. Layukan nan masu fankon gida, na waɗanda aka share da waɗanda aka ƙi da waɗanda aka soke, sun tafi ke nan, babu inda za a samo su. Har kwana goma masu zuwa tashar tana iya sake haɗiye abin da ta riga ta tofar, ciki har da saƙon da mai shi ya janye don ya yi nadamar rubuta shi. Shi ya sa masu hankali cikin masu kula da tashoshi suke ajiye kofen kundin a wani wuri, fihirisa kuwa ba su damu da ita ba.

Kundi yana da iyaka, kuma tarihin Usenet ya nuna ta sau biyu a jere. A ƙarshen Maris 1993 wata manhaja mai suna ARMM, wadda aka yi don tsabtace zauruka, ta sami tangarɗa ta riƙa amsa wa kanta da kanta, har ta zuba saƙo wajen 200 a zauren news.admin.policy. Kowane ɗaya ya zo da sabuwar lamba, saboda haka babu kundin da ya ga laifinsa. A watan Afrilu 1994 kuma waɗansu lauyoyi biyu na Jihar Arizona, Laurence Canter da Martha Siegel, suka aika tallar cacar takardar zama a Amurka zuwa zauruka fiye da dubu biyar, kowane zaure da nasa kofen da tasa lambar. Tsarin yana da hanyar da saƙo ɗaya zai bayyana a zauruka da yawa da lamba ɗaya, a ajiye shi sau ɗaya, mai karatu ya gan shi sau ɗaya. Su ba ta nan suka bi ba. Maganin irin wannan sai da aka nemo shi a wani wuri, watau matatun da ke duba cikin saƙo su ƙidaya sau nawa aka maimaita shi. Akwai ma wata ɓaraka ta ɗaya gefen: tun da na farkon zuwa shi ke da lamba, wanda ya iya hasashen lambar da wani zai yi amfani da ita yana iya riga shi aikawa da shirme a ƙarƙashinta, saƙon gaskiya ya zo a kore shi a matsayin maimaici.

Da saƙonni suka yi yawan da share su ɗaya ɗaya ya zama jidali, sai aka ƙirƙiro wata hanyar ajiya a INN mai suna CNFS. Ana keɓe wani babban fili a faifai a yi ta rubutu a ciki, in an kai ƙarshe a dawo farko a rubuta a kan na da. Saƙo yakan ɓace ba tare da an sanar da kundi ba, layinsa yana nuna gurbin da wani ya riga ya gaje. Wanda ya nemi irin wannan saƙo da lambarsa sai a amsa masa da 430, babu shi, layin kuma ya jira sharar dare ta gyara shi.

Sunan kundin yana iya ruɗin mutum ya zaci taskar tarihi ce. Ba a yi shi don 'yan baya ba, kuma yawancin abin da aka rubuta a shekarun farko da ya bi shara in ba don wani abu da ya faru a Toronto ba. Henry Spencer, wanda shi da Geoff Collyer suka rubuta manhajar C News suka gabatar da ita a 1987, yana kula da na'urar sashen nazarin dabbobi ta jami'ar. Daga 1981 zuwa 1991 ya riƙa kwafe saƙonnin da suka iso tasharsa a kan faya-fayen maganaɗisu, har guda 141, ɗauke da saƙo wajen miliyan biyu. Kamfanin Google, bayan ya sayi taskar Deja News a 2001, ya haɗa da waɗannan ya buɗe wa jama'a a ƙarshen shekarar. A wajen haɗa tarkacen da aka samo daga hannuwa dabam dabam, lambar shaidar nan ce abin da ake gane kofe biyu na saƙo ɗaya da shi.

Jami'ar Duke ta rufe tasharta a 2010, Google kuma ya daina karɓa da aika sababbin saƙonnin Usenet a ranar 22 ga Fabrairu 2024. Amma tashoshi ba su ƙare ba, kuma har yanzu ana ci gaba da gyaran INN ana fitar da sababbin bugu. Akwai kamfanonin da ke sayar da damar karatu suna riƙe saƙonni fiye da shekara goma. Tun da ba a cire layi daga kundi muddin saƙonsa yana faifai, nasu lissafin ya wuce abin da ƙwaƙwalwar na'ura ɗaya za ta ɗauka cikin sauƙi, don haka sukan raba aikin: na'urorin da ke bakin ƙofa suna riƙe lambobin 'yan kwanakin nan don amsa tayin maƙwabta da sauri, waɗanda ke ciki kuma suna riƙe da na shekaru don masu karatu.